Yadda Ake Zuwa Kufai a Ƙafa: Matakai Ga Matasan Kankiya da Kusada

A ƙasar Gwatamala akwai wani tsohon birnin mutanen Maya da ake kira El Mirador. Hanyar mota ba ta zuwa can. Mai son ganinsa daga ƙauyen Karmelita yake tashi a ƙafa, alfadarai na ɗauke da ruwa da guzuri, ya yi kwana biyu yana ratsa kurmi kafin ya isa gindin dalar La Danta, mai tsayin kusan mita 72, wadda itatuwa suka tsiro a kanta har mai wucewa ya ɗauka tsauni ne. Mutane na biyan kuɗin jirgi daga nesa don su je su sha wannan wahala, kuma ban ga laifinsu ba.

Mu a tsakiyar ƙasar Katsina ba mu da irin wannan kurmi, ba mu da dalar dutse, amma kufai kam Allah ya hore mana shi. Mutanen Maya da dutse suka yi gini, shi ya sa nasu ya tsaya. Kakanninmu da laka suka yi, damina ta yi ta dukansa har ya kwanta ya koma ƙasa. Saboda haka mutum na iya yin shekara talatin yana wucewa ta tsakiyar tsohon gari a kan babur, bai taɓa sanin yana shiga ta ƙofa yana fita ta wata ba. Tafiyar kufai a wurinmu ba ta da nisa. Aikin yana wajen koyon gani. Ga yadda ake yin ta.

Mataki na farko: nemo kufan a bakin tsofaffi

Ka fara daga cikin gidanku. Zauna kusa da kakarka bayan sallar isha'i ka ce mata, "Iya, kafin a zauna nan, a ina mutanenmu suke?" Sau da yawa za ta ɗaga hannu ta nuna maka wata kusurwa ta ce can ne tsohon gari. Daga nan sai ka nemi waɗanda ƙafarsu ta san daji: tsofaffin mafarauta, Fulani makiyaya, masu haƙar rijiya. Ka nemi gidajen da aka gāji sana'a, maƙera da marina, domin su ba sa manta inda kakanninsu suka yi aiki. Makaɗan fada ma suna riƙe da sunayen masu garin da kowa ya manta.

Sunayen wurare suna taimakawa ƙwarai. A ƙaramar hukumar Kankiya akwai Kafin Soli da Kafin Dangi, kuma duk garin da sunansa ya fara da kafi, an taɓa kewaye shi da shingen itace saboda mahara. Idan ka ji ana kiran wata gona Tsohon Gari, ko Marina, ko Maƙera, alhali babu mai rini ko ƙira a wurin yau, rubuta sunan.

Yana da kyau ka san abin da ya tayar da garuruwan, don ka san tambayar da za ka yi. Bayan da mayaƙan jihadi suka ci Birnin Katsina a 1807, gidan sarautar da aka tumɓuke ya kafu a Maraɗi, aka shafe shekaru masu yawa ana kai hari ana ramawa, mutanen karkara suka dunƙule cikin garuruwa masu ganuwa. Yankinmu kuma yana bakin iyakar ƙasar Kano, abin da ya faru can yakan fantsamo nan. Basasar Kano da ta ɓarke a 1893, a Tafashiya ta ƙasar Kankiya ta ƙare a 1895, inda aka ji wa Sarkin Kano Tukur raunin da ya zama ajalinsa. Da Turawa suka zo a 1903 hare-hare suka lafa, sai jama'a suka fara fita daga cikin ganuwa suna komawa kusa da gonakinsu, daga baya kuma kusa da titi. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta watse wasu ƙauyukan. Wasu kuwa rijiyarsu ce kawai ta ƙafe.

Kada ka tambayi tsoho shekarar da aka tashi, ba haka yake lissafi ba. Tambaye shi zamanin wane sarki ne. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, Sarki Usman Nagogo daga 1944 zuwa 1981. Idan ya ce maka kakansa ya baro kufan tun Dikko bai hau ba, ka san ka taɓo ƙarni na 19 ko bakinsa.

Sai bayan ka sami wannan ne za ka buɗe Google Maps, ka juya shi zuwa hoton tauraron ɗan'adam, ka duba kusurwar da aka nuna maka. Tsohuwar ganuwa takan fito a matsayin da'ira ko zobe mai kusurwoyi, wani lokaci layin itatuwa ne ke bin ta, wani lokaci iyakokin gonaki ne ke lanƙwasa ba dalili. A Gwatamala sai da aka yi shawagi da jirgi mai na'urar hasken leza kafin a 2018 a sanar da gano gine-gine fiye da 60,000 da kurmi ya rufe. Mu sararin ƙasarmu a buɗe yake, hoton kyauta da ke cikin wayarka ya isa.

Mataki na biyu: izini, da maganar tsaro

Wannan matakin ba a tsallake shi. Kusan kowane kufai a yankin nan gonar wani ce yau, kuma yana ƙarƙashin wani mai unguwa. Je ka gaishe shi tun kwana biyu ko uku kafin tafiyar, da goronka, ka durƙusa ka ce, "Ranka ya daɗe, ni ɗan gidan wane ne daga gari kaza. Tarihin tsohon garinku nake so in sani, in an yarda mini in je in gani." Shi zai san ko ya isa ya ba ka izini, ko sai an kai ka wurin dagaci. Ka roƙe shi ya haɗa ka da ɗan gari da zai yi maka jagora, ka kuma nemi mai gonar da kansa.

Dalili na biyu ya fi na farko nauyi. A halin da jiharmu ke ciki, baƙon da aka gani yana yawo a bayan gari yana ɗaukar hoto da waya, abin da zai fara zuwa zuciyar mutane shi ne infoma ne na 'yan bindiga, kuma ba za a ce sun yi rashin hankali ba. Izinin mai unguwa da ɗan gari a gefenka su ne rigarka. Ka sanar da 'yan sintirin garin, ko jami'an tsaron al'umma da gwamnatin jiha ta kafa a 2023, in suna nan. Ka tambayi halin da dajin yake ciki a wannan makon, ba na watan jiya ba, musamman in kufan yana yamma ko kudu, wajen Matazu, Musawa ko Dutsinma. Abin da ya doshi dajin Rugu kuwa ka cire shi daga lissafi gaba ɗaya a yanzu. Idan mutanen gari suka ce kada a je, an gama magana. Kufan da ya yi shekara ɗari yana nan ba zai gudu ba.

Ku tafi ku uku zuwa biyar, kuma a bar wani a gida da ya san inda kuka nufa da lokacin da ya kamata ku dawo. Jagoranku ya bar aikinsa saboda ku, ku sallame shi da abin kirki.

Mataki na uku: lokaci

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu. An gama girbi, an sare kara, dabbobi sun share gonaki, ƙasa ta fito fili. Da damina ciyawa da shuka sun rufe komai, ga macizai, ga ɓarnar amfanin gonar mutane. Da bazara zafi na haura digiri 40. Ku tashi bayan sallar asuba, domin hasken rana mai fitowa yana zuwa ta gefe, yana sa ɗan tudun da bai kai gwiwa ba ya yi inuwa, da tsakar rana kuwa ko kana kansa ba za ka gan shi ba. Ku kasance a hanyar gida kafin azahar.

Mataki na huɗu: kaya

Takalmi rufaffe mai kaurin ƙasa, ba silifa ba, saboda tsidau da ƙayar aduwa. Dogon wando mai kauri da safa, ƙarangiya ba ta raga wa kowa. Malafa, sanda mai ƙarfi, ruwa aƙalla lita biyu ga kowane mutum, ƙunshin gishirin ORS, dabino ko gyaɗa ko ƙuli-ƙuli. Waya cike da caji da fawa bank, littafi da fensir, da rula ta 'yan makaranta. Fartanya, diga da shebur kuwa a gida za a bar su, za ka ga dalili a gaba.

Mataki na biyar: tafiyar kanta

Ku ajiye babur a gidan mai unguwa ko a ƙauye na ƙarshe. Ku bi burtali da turbar da mutane ke bi, jagora a gaba, ku a bayansa ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda kuka tarar a gona ko wajen kiwo ku yi masa sallama ku gaisa sosai, ku faɗi inda za ku. Shi ma yana iya sanin abin da jagoranku bai sani ba.

Haɗari uku ne a kufai. Na farko tsohuwar rijiya, kuma ita na fi tsoro. Bakinta ya zaizaye, geza da sabara sun rufe ta, wani lokaci kara da ƙasa sun yi mata murfin ƙarya. Kada ka taka cikin sarƙaƙiyar da ba ka ganin ƙasanta, ka riƙa dungura sanda kafin ƙafa. Idan kun sami rijiyar, kada kowa ya leƙa daga tsaye a bakinta, balle a ce za a shiga. Iskar da ke ƙasan tsohuwar rijiya na kashe mutum kafin ya yi ihu.

Na biyu maciji, musamman kububuwa, mai son kwanciya ƙarƙashin dutse, cikin tarin kara da tsohon suri. Kada ka sa hannu a rami ko ka ɗaga dutse da yatsu. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau da igiya. A cire zobe da agogo, a sa itace a tallafi gaɓar don kada ta motsa, a ɗauki mutumin a nufi babban asibiti mafi kusa kai tsaye. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, mutum na iya zama kamar lafiyarsa lau na sa'o'i kafin jini ya fara fita ta dasashi, don haka kada a ce a jira a gani.

Na uku zuma, da ke zama a kogon tsohuwar kuka. Ka saurara kafin ka matsa gindinta, kuma kada a yi jifa ko a kunna wuta.

Mataki na shida: koyon karanta ƙasa

Tun daga nesa kukoki ne za su fara gaya maka ka iso. Kuka ɗaya a daji ba shaida ba ce, amma manyan kukoki shida ko goma a dunƙule, babu gida ko ɗaya kusa, alama ce mai ƙarfi, domin inda mutane suka zauna suna miyar kuka suna zubar da ƙwallonta, nan take yawaita, kuma tana rayuwa ɗaruruwan shekaru bayan masu ita sun tafi. Rimi da tsamiya da durumi ma sukan tsaya a inda kasuwa ko ƙofar fada take.

Sannan ganuwa. Kada ka sa ran bango. Abin da za ka gani doguwar ƙasa ce mai ɗan tudu, kamar kunyar dankali da aka faɗaɗa, tana tafiya tana lanƙwasa ta cikin gonaki ba ruwanta da iyakar kowa. A bayanta akwai ɗan kwari, nan ne aka haƙi ƙasar da aka gina ta, ramin kuma ya zama ƙarin kariya. Bi ta a ƙafa har ka zagayo inda ka fara, kana ƙirga taku. Inda tudun ya yanke kuma wata turba ta ratsa ta wurin, mai yiwuwa ƙofa ce, ka tambayi jagora ko tana da suna. A ganina babu abin da ya kai wannan zagayen daɗi a tafiyar duka, domin a nan ne za ka ji girman garin a ƙafarka, ka gane mutum nawa suka ɗebi ƙasa a kai kafin ya tsaya.

Da ka shiga ciki, sunkuya. Ƙasar kufai ta fi ta waje duhu, tana da toka-toka, saboda juji da murhu da turken dabbobi na shekaru masu yawa, shi ya sa manoma ke son ta. A kanta za ka ga tsingaro a warwatse. Ɗauki guda ka hure ƙurar. Duba kaurinsa da launin cikinsa, ja ne ko baƙi. Juya bayansa: sau da yawa akwai zanen da aka yi ta hanyar mirgina murɗaɗɗiyar igiya a kan ɗanyar laka, layi-layi a karkace, wani lokaci har da gurbin yatsar maginiyar a leɓen tukunyar. Ajiye rula a gefensa ka ɗauki hoto, ka mayar da shi daidai inda yake. Leɓen tukunya ya fi kowane ɓangare amfani ga masana, da shi suke gane siffar tukunyar da girmanta.

Idan ka ga baƙaƙen dunƙule masu nauyi, masu ƙyalli da ƙananan huji, kashin maƙera ne. In ya yi tuli, kuma akwai gutsattsarin bututun laka da wuta ta ƙone, to an narka tama a wurin, kuma irin wannan na iya girme wa garin kansa nesa ba kusa ba. Marina kuwa jerin bakuna ne zagayayyu a ƙasa, kusa da juna, yawanci ƙasa ta cike su. Share ƙurar gefen ɗaya da tafin hannu za ka ga laso, wannan shafe mai tauri da ake haɗawa da katsi, har yanzu sumul, wani lokaci da sauran shuɗin baba a jikinsa. Ƙirga bakunan. Gari mai rijiyar rini arba'in ba don kansa kaɗai yake rini ba, fatake na zuwa.

Ka kuma lura da kududdufin da ya bushe, da fasasshen dutsen niƙa, in akwai fa kusa ka duba ramukan niƙa da na dara a kansa. Idan jagora ya nuna maka maƙabarta, ku yi sallama ku yi addu'a, ku bi ta gefe. In ya ce wata kuka ba a zuwa gindinta, kada ka tsaya musu da shi ko kai ba ka yarda da dalilin ba. Kai baƙo ne, kuma sau da yawa irin wannan hanin ne ya hana a sare ta har ka zo ka same ta.

Mataki na bakwai: kada ka haƙa, kada ka ɗauka

Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana haƙar kayan tarihi ba da izininta ba, ta kuma hana cinikinsu da fitar da su. Amma ko ba doka, ga abin da ya sa nake roƙonka. Kayan da ke cikin ƙasa shimfiɗa-shimfiɗa suke, na ƙasa ya girmi na sama, kuma gawayin da ke kusa da tukunya shi ake aunawa a san shekarunta. Wanda ya sa diga ya hautsina wannan tsari, ba mai iya mayar da shi. Masu neman tukunyar dukiya sun yi wa Arewa mummunar ɓarna, har majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa gumakan laka na Nok da Sakkwato da Katsina cikin jerin kayan Afirka da ake sacewa, wanda ta fitar a 2000.

Durɓi ta Kusheyi, a ƙaramar hukumar Mani, kimanin kilomita 32 gabas da Birnin Katsina, ita ce shaidar abin da haƙar masana ke bayarwa. Tuddan ƙasa ne da tarihin baka ya ce kaburburan sarakunan Durɓawa ne, gidan da ya fara da Kumayau ya ƙare da Sanau, wanda Korau ya karɓi sarauta daga hannunsa. Wani Bature mai suna H. R. Palmer ya haƙa a can a 1907 a zamanin Sarki Dikko, wanda shi kansa ya riƙe sarautar Durɓi kafin ya hau. A 1992 aka sake haƙa wasu tuddan uku tare da masana daga Jamus. An sami kayan ado na zinariya da tagulla, da wuri, da duwatsun wuya, da wata tasa da aka ƙera a Gabas ta Tsakiya. An kai kayan birnin Mainz na Jamus aka gyara su, aka dawo da su Nijeriya a 2014. Binciken ya nuna kaburburan sun kama daga wajen ƙarni na 13 ko 14 zuwa na 16, wato tun a lokacin kayan ƙetaren hamada na isowa ƙasar nan. Da ɓarawo ne ya riga su, da an narka zinariyar, mu kuma ba mu san komai ba.

Ina ba ka shawara ka je Durɓi ta Kusheyi bayan ka gwada idonka a kufan kusa da gida. Daga Kankiya ka bi titin Katsina ta Charanchi, daga Katsina ka shiga motar Mani, a can ka nemi mai kai ka. Dokar gaisuwa da izini tana nan yadda take.

Mataki na takwas: rubuta, ka kai inda za a adana

Kafin ku bar wurin, tsaya a tsakiya ka danna inda kake a taswirar waya ka kwafe lambobin a littafi. Zana da'irar ganuwa da fensir, ka nuna gabas, ka sa ƙofofi, kukoki, rijiya, marina da maƙabarta. Rubuta yawan takun da ka ƙirga da ranar da ka je. Da yamma koma wurin tsohon da ya ba ka labari, ka nuna masa hotunan, ka nemi izininsa ka naɗi muryarsa. Ganin hoto kan tuno masa da abin da bai faɗa ba da farko. Ka ji ta bakin mutum biyu ko uku daban-daban, in sun saɓa ka rubuta duka yadda kowa ya faɗa, kada ka gyara.

Kada ka sa lambobin wurin a Facebook ko TikTok, masu haƙa ma suna kallo. Kai rahotonka Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, ko gidan tarihi na ƙasa da ke Katsina, ko sashen tarihi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta Tarayya da ke Dutsinma. Idan ka ga ana ɗibar ƙasar ganuwa da tifa, ko zaizaya ta tono ƙasusuwa da tukwane, sanar da dagaci da hukumar nan da nan.

Malaman sakandare na Kankiya, Kusada, Yashe da Rimaye, wannan aiki ne da ɗalibanku za su iya yi cikin hunturu guda, in halin tsaro ya bari: kowane aji ya ɗauki kufai ɗaya. Ku fara da naɗar muryoyin tsofaffi tun bana, domin waɗanda suka ji labarin daga bakin mutanen da suka zauna cikin ganuwa sun kusa ƙarewa. In an gama rubutun a yi kwafi uku, ɗaya ga hukuma, ɗaya ga dagaci, ɗaya a ajiye a ɗakin karatun makaranta.